Hannun Yaya

Laraba

Sanyin safiyar yau ya hana ni taɓa galan bayan Asuba, sai da hantsi ya dubi ludayi na fito tsakar gida. Galan biyu na ruwa da nake motsa jiki da su, kowanne lita 4, kilo 4 ke nan a kowane hannu. Na ɗaga sau goma-goma har zagaye uku, na yi tashi-zauna a kan kujera ba tare da dafa gwiwa ba. Wata biyar ke nan ina yi. Auta ta auna mini ƙugu da tef ɗin ɗinki, ya sauko daga santimita 97 zuwa 91. Tsawona 160, ana so ƙugu kada ya wuce rabin tsawon mutum, saboda haka da sauran tafiya. Duk da haka na ji daɗi ƙwarai.

Ina cikin zagaye na uku sai ga sallamar Yaya.

"Ikon Allah! Yau me zan gani? Ke da jikoki bakwai, dambe za ki shiga?"

Na ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Ƙarfi nake nema."

"Ƙarfin me? Dubi wuyanki duk ya fito. Sai a ce Alhaji ba ya ciyar da ke. Mace a shekarunki, jiki shi ne mutuncinta."

Na shimfiɗa mata tabarma, muka gaisa, na zauna kusa da ita ina yi mata bayani a hankali. Na ce tsokar ɗan Adam tun daga shekara 30 take fara zaizayewa, kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma, idan aka haura 60 kuma sai ta ƙara gudu. Kitse ne ke maye gurbinta, shi ya sa za ka ga mutum da jikinsa cif, amma ƙafa ta kasa ɗaukarsa. Mu mata kuwa, da al'ada ta ɗauke sai kitsen ya tattara a ciki, inda ya fi janyo ciwon suga da hawan jini. Na ce Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi a samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, da kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka, kuma ba ta cire tsofaffi ba.

Ta taɓe baki ta ce, "Ku dai 'yan boko. Tsufa ai ba ya da magani."

Na kawo mata alale da dafaffen ƙwai biyu. Ta ɗan tsakuri alalen, ta ture ƙwan, ta ce a haɗa mata shayi da burodi. Haka take yini, shayi da safe, kunu da rana, tuwo kaɗan da dare, nama kuwa haƙori ya hana. Alhali mai shekaru yana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini, ƙwai ɗaya kuma giram 6 ne kawai. Ni da wake da awara da kindirmo nake cike nawa.

Azahar a zaune ta yi ta.

Da za ta tafi ta yunƙura sau biyu ta koma. Ta miƙo mini hannu ta ce, "Kama ni." Na kama damtsenta, sai na ji yatsuna sun nutse kamar a cikin auduga, har na taɓo ƙashi. Wannan hannun ne ya daka geron gidanmu shekara da shekaru, shi ya riƙa cilla ni baya ya ɗaure zani. Shekara 8 kacal ta ba ni. Bara ta faɗi a banɗaki muka ce santsi ne, muka sa aka canza siminti.

Tun da ta fita jikina ya yi sanyi. Alhaji ya dawo da kifi, ban iya ci sosai ba. Wuta ba ta zo ba.

Na cika robobin ruwa biyu na rabin lita na saka a jaka. Asabar zan je gidanta da kindirmo, in roƙe ta ta tashi daga kujera sau biyar ina riƙe da ita.