Wa ya san me, kuma yaushe: darussan rubuta labarin zullumi

Kowace shekara a watan Yuli marubutan labaran laifi da zullumi sukan hallara a garin Harrogate da ke arewacin Ingila, a wani biki da aka fara a 2003. Otal ɗin da ake zaman, Old Swan, shi ne inda aka gano shahararriyar marubuciyar labaran bincike Agatha Christie a Disambar 1926 bayan ta ɓace kwana 11. Akwai irin wannan taro a garin Stirling na Scotland tun 2012, akwai ThrillerFest a New York, akwai kuma Bouchercon da ya girme su duka, don tun 1970 ake yin sa, galibi a Amurka. Duk wanda ya bibiyi tattaunawar da ake yi a waɗannan wurare zai ga tambayar masu sauraro kusan ɗaya ce: yaya ake yi a hana mai karatu ajiye littafi? Amsoshin sukan bambanta a baki, amma idan aka tace su wuri guda suke komawa. Aikin marubucin zullumi shi ne rabon bayani. Shi ke yanke abin da mai karatu zai sani, da abin da jarumi zai sani, da shafin da kowannensu zai sani.

Misalin da aka fi maimaitawa a irin waɗannan zama daga harkar fim ya fito. A hirar da ya yi da takwaransa François Truffaut a 1962, daraktan fim Alfred Hitchcock ya kwatanta mutum biyu suna hira a bakin tebur, sai bam ya tashi a ƙarƙashinsa ba zato. Masu kallo sun samu firgita ta daƙiƙa 15, shi ke nan. To, a sake tsarin: a nuna musu lokacin da aka dasa bam ɗin, su san ƙarfe ɗaya zai tashi, ga agogon bango yana nuna ɗaya saura kwata. Hirar nan da ba ta da wani armashi ta koma minti 15 na ɗar-ɗar. Bam ɗin bai canza ba, mutanen ba su canza ba, lokacin sanarwa kawai aka matsar.

Darasin farko ke nan, kuma shi ne wanda sababbin marubuta suka fi yi wa gurguwar fahimta. Sukan ɗauka ɓoyewa ita ce zullumi, sai su rufe komai ruf har babin ƙarshe. Mai karatun da bai san komai ba ba ya jin tsoro, ruɗewa yake yi, kuma mai ruɗewa ajiye littafi yake yi. Tsoro yana buƙatar sani. Dole a san mene ne haɗarin, wa zai shafa, kuma saura nawa.

Hanyar da ta fi aiki wajen riƙe wannan lissafi ita ce jadawali mai gida huɗu. A jera babobin littafin daga sama zuwa ƙasa. A gaban kowane babi a rubuta abin da jarumi ya sani zuwa nan, abin da mugu ya sani, abin da mai karatu ya sani, sannan tambayar da ke rataye a ƙarshen babin. Littafin zullumi na manya yakan kai kalmomi 80,000 zuwa 100,000. Idan babi yana da kalmomi kamar 2,000, ana maganar babi 40 zuwa 50, wato jadawalin ba zai wuce shafi uku ba. Amfaninsa yana bayyana nan take. Idan babi uku a jere suka wuce gidajen farko uku ba su canza ba, labarin ya tsaya cik, ko da ana ta harbe-harbe a ciki. Idan gidan jarumi da na mai karatu suka zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe, marubucin ya yar da makaminsa mafi kaifi. Idan kuma mai karatu ya riga jarumi sanin wani abu har tsawon babi goma, zai fara ganin jarumin a matsayin wawa. Tazarar tana so ta riƙa buɗewa tana rufewa.

Marubucin zullumi Lee Child ya taƙaita nasa tsarin a wata maƙala da ya rubuta a jaridar New York Times a 2012: ka jefa tambaya, ka jinkirta amsa. Ya ce marubuta suna ta neman yadda za su gyara girki, alhali abin nema shi ne yadda za a sa masu ci su ji yunwa. Maganar gaskiya ce, amma tana da sharaɗin da ba kasafai ake faɗa ba. Jinkiri bashi ne, kuma mai karatu yana ƙirga. Babbar tambaya ɗaya za ta iya jira har ƙarshe, amma ƙananan dole a riƙa biyan su kan kari, kowace cikin babi biyu ko uku, kuma kowace amsa ta haifar da wata tambayar da ta fi ta nauyi. Misali, an gano wanda ya buga wayar tsakar dare, sai ya zama mutumin da aka binne makon jiya. Marubucin da ke tara tambayoyi ba ya biyan ko ɗaya, kafin tsakiyar littafi an daina yarda da shi.

Gardamar da ba ta ƙarewa a kan dandamali ita ce ta masu tsarawa da masu kutsawa kai tsaye. Marubuci Jeffery Deaver yakan yi wata takwas yana tsara littafi kafin ya fara rubuta shi, tsarin kansa yakan haura shafi 100. Lee Child kuwa ya shahara da fara littafi ba tare da ya san ƙarshensa ba. Duka biyun sun yi nasara, saboda haka ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da na fahimta shi ne aikin ɗaya ne, lokacin yin sa ne ya bambanta: wanda bai yi lissafi kafin rubutu ba zai yi shi a wurin gyara. Ga mai farawa, musamman idan labarin yana da asirin da za a tona, na fi ganin alheri a rubuta ƙarshen tukuna.

Dalili kuwa shi ne kowane labarin zullumi labari biyu ne a goye. Akwai abin da ya faru a haƙiƙa, bi da bi, wanda mugu kaɗai ya sani. Akwai kuma yadda jarumi ya gano shi, a hargitse. Na farkon ba ya shiga littafi, amma sai an rubuta shi a takarda daban, da rana da sa'a: ina mugun yake ƙarfe tara na daren Talata, me ya gani, me ya sa ya canza shiri. Yawancin kurakuran da masu karatu ke kamawa daga rashin wannan takarda suke fitowa. Ita ce kuma maganin sanyin tsakiyar littafi, daga wajen kalma ta 30,000 zuwa ta 60,000, inda labarai da yawa ke yin lakwas. Sanyin yana zuwa ne saboda an bar mugu zaune yana jiran a kama shi. A ba shi buri da wa'adi nasa, ya riƙa mayar da martani ga duk takun jarumi, sai tsakiyar ta motsa da kanta. Marubucin labaran bincike Raymond Chandler ya taɓa cewa idan ka rasa abin yi, ka sa wani ya shigo ta ƙofa da bindiga a hannu. Dabarar tana ceton babi ɗaya. Idan ba a san wanda ya aiko mai bindigar da dalilinsa ba, babi na gaba zai fi na baya wahala.

Sai batun shuka alamu, inda adalci yake shigowa. A 1929 marubuci Ronald Knox ya wallafa ƙa'idoji goma na labarin bincike, kuma wasu daga ciki har yau suna aiki: mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, kada sa'a kawai ta warware wa mai bincike matsala, kada a fito da tagwaye ba tare da an share fage ba. Ma'anarsu ita ce idan mai karatu ya kai ƙarshe ya waiwaya, ya ga komai yana gabansa tun da farko. Alama mai muhimmanci tana so ta bayyana aƙalla sau biyu kafin a yi amfani da ita, kuma akwai hanyoyin ɓoye ta a fili. Ɗaya ita ce a cusa ta a tsakiyar jeri. Wata mata ta zazzage jakarta a kan tebur tana neman makullin mota: ga biro, ga tikitin wurin ajiye mota, ga maganin ciwon kai, ga cajar waya. Ido yana kan makulli, ba wanda zai kula da tikitin, sai a babi na 38 a gane yana ɗauke da kwanan ranar da ta rantse ba ta gari. Wata hanyar ita ce a ajiye alamar sannan nan take a yi wani abu mai ƙara, a fasa gilashi ko a buga ƙofa, hankali ya koma can. Ta uku, wadda ta fi inganci, ita ce a nuna gaskiya a bar jarumi ya yi mata fassarar kuskure mai ma'ana. Ɓad da sawu halal ne a wannan sana'a. Ƙarya ce haram. Idan muna cikin zuciyar mai laifi muna jin tunaninsa, ba a yarda ya yi tunanin da mai laifi ba zai yi ba.

Wa'adi ma yana da ƙa'ida. "Nan ba da jimawa ba" ba ya tsorata kowa. "Ƙarfe shida na safiyar Juma'a" yana tsoratarwa, musamman idan a tsakiyar labari aka rage shi zuwa daren Alhamis. Wayar salula kuwa ta zama ƙalubalen kowane marubucin zamani, don kira ɗaya zai iya kashe rabin labari. Cewa caji ya ƙare ko babu sabis dabara ce da ta gaji. Gara wayar ta zama tushen haɗarin: ana bin sawun jarumi ta cikinta, ko wanda zai kira ɗin shi ne bai yarda da shi ba.

Kurakuran bincike su ne suka fi jawo wa marubuta wasiƙun ƙorafi, kuma kusan iri ɗaya ne kullum. Bindigar Glock ba ta da madannin kariya da ake turawa da yatsa kafin harbi, amma jarumai suna ta tura shi a littattafai. Bututun rage ƙarar bindiga yana ragewa ne kawai, harbin yana nan da ƙara sosai. Ƙyalle mai sinadarin kulorofom ba ya sumar da mutum cikin daƙiƙa biyu, sai an yi mintuna. Wanda aka doka a kai ya suma tsawon sa'a guda yana da mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, ba zai farka ya kama gudu ba. Gawa takan fara sandarewa cikin sa'a 2 zuwa 6, ta sandare gaba ɗaya wajen sa'a 12, ta saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu, zafi yana gaggauta hakan, sanyi yana jinkirta shi. Don haka likitan da ya dubi gawa ya ce ƙarfe 10:15 aka yi kisan ba likita ba ne. Christie ta yi aikin haɗa magunguna a asibiti a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, shi ya sa gubar da ke cikin littattafanta take aiki yadda guba ke aiki. Sai dai bincike ma yana da tarko: wanda ya yi wata guda yana karatu yakan so ya zuba duka a shafi. Bayani ɗaya ko biyu na daidai sun isa a yarda da marubuci.

A wurin gyara, shawarar marubuci Elmore Leonard ta 2001 tana nan daram: a cire wuraren da masu karatu ke tsallakewa. A aikace, a duba sakin layi na farko da na ƙarshe na kowane babi, don a nan ake samun shiga mota, gaisuwa, da sharhin abin da aka riga aka gani. Sau da yawa babin yana farawa ne a sakin layi na uku, yana kuma ƙarewa kafin na ƙarshe. Kada kowane babi ya ƙare da mutum a bakin rami. Idan aka yi sau biyar a jere an gane dabarar. A riƙa sauyawa da sabon bayani, ko shawarar da jarumi ya yanke wadda mai karatu ya san kuskure ce. Daga nan a ba mutum uku ko huɗu da ba su san labarin ba su karanta, a roƙe su abu biyu: su sa alama a duk inda suka ajiye littafin, kuma a ƙarshen kowane babi goma su rubuta wanda suke zargi da dalilinsu. Idan dukansu suka ajiye a wuri guda, a koma jadawali a duba babi biyu kafin wurin, galibi a nan aka biya wata tambaya ba a buɗe sabuwa ba. Idan dukansu suka gano mai laifi tun babi na 10, a rage alama ɗaya ko a ƙara wa wani wanda ake zargi dalili. Idan kuma har ƙarshe ba wanda ya taɓa kawo sunansa ko sau ɗaya, alamun sun yi kaɗan, sai a koma kashi na farko na littafin a ƙara shuka biyu.