Gara ta gyara mini ƙasa, ta cinye mini rufin ɗaki

Har yau idan na shiga ɗakin ƙurya na ɗaga kai na ga sabon katako, sai raina ya sosu. Sefa 140,000 gyaran ya ci, kuma wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne a wurin malamin makaranta. Amma gafakar mahaifina ta fi yi mini ciwo.

Gidanmu a Marwa yake, a arewacin Kamaru. Tun zamanin Inna ake share tsakar gida safe da yamma, a tara ganyen dogon yaro a lungu a cinna masa wuta. Shekara da shekaru ana haka, har ƙasar ta koma kamar daɓe, irin wadda Fulanin nan ke kira harde. Ruwan Agusta zai zuba kamar da bakin ƙwarya, ya bi rariya ya fice, ka sa fartanya ka tarar ƙarƙashi a bushe ƙamas. Ko tafasa ba ta fitowa.

A bazarar 2021 na ƙudura barin rabin tsakar gidan ya koma daji. Labarin Yacouba Sawadogo ne ya ja ni, manomin nan na Yatenga a Burkina Faso da ya raya faƙo da ramukan shuka da ake kira "zai", waɗanda mutanen Nijar ke kira tassa, har aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dabararsa da gara. Tun da rani yake zuba taki a ramin don ta zo, ita kuma ta huda ƙasa ta yi hanyoyi, idan ruwa ya sauka ya sami wurin shiga. Na ce ai kuwa gara muna da ita har ta yi yawa.

Na haƙa ramuka, na zuba kashin awaki, na hana ƙona ganye, na sayo amalanke biyu na karan masakwa na shimfiɗa. Kuma wallahi abin ya yi. A damina ta biyu na ɗaga kara na ga ƙasa ta yi baƙi, yatsa na nutsewa, ga tana tana motsi. Gawo biyu suka tsiro daga kashin awakin ba tare da na shuka ba. Yaɗiya ta hau danga, ƙudan zuma suka samu furenta. Kwaɗi suka dawo, hawainiya ta tare a kan zogale, wani dare kuma yara suka haska fitila suka ga bushiya ta shigo ta rariya tana kiwon ƙwari.

Ragowar karan kuwa, da yake iskar hunturu na watsa shi, sai na jingine shi da bangon ɗakin ƙurya, na tara ganye a gindinsa. Inuwa ce, ga danshin da ke gangarowa daga wurin alwala. Maiɗakina ta yi magana tun ranar. Ta ce, "Malam, karan nan ya matse bango fa." Na ce mata gara na da abinci a ƙasa, me za ta je nema sama? Wannan amsar tawa ita nake ta juyawa a raina har yanzu.

A watan Yulin 2023 aka yi ruwa da iska cikin dare, muka ji kwano na bugawa. Da gari ya waye na ga silin ya sunkuyo. Kafinta ya hau ya kama katako guda, sai ya marmashe a hannunsa, waje lafiya lau, ciki ƙasa zalla. Muka janye akwati, ga hanyarta nan a jikin bango, siririn ginin laka kamar kaurin ɗan yatsa, ya taso daga wata tsaga a gindin bango daidai inda karan yake ta waje, ya miƙe har rufi. A hanya ta ratsa ta gafakar. Fatar ba abin da ya same ta. Da na kwance igiyar, takardun fiƙihu da Baba ya kwafa da hannunsa tun yana almajiri sun zama dunƙulen ja-ja. Na zauna a ƙasa na kasa cewa komai.

Kafintan ya ce, "Malam, farin katako ai tuwon gara ne. Iyayenmu da azarar giginya suke rufi don ba ta iya ta da sauƙi." Sannan ya ba ni shawara in sayo magani in malale tsakar gidan gaba ɗaya. Na sayo kuwa, don zuciyata na tafasa. Na tsaya da jarka a hannu a bakin ramukan nan, na tuna abin da zai kashe gara shi zai kashe tana, kwaɗi su ci matattun ƙwari, bushiya ta bi baya. Shekara biyu na wahala. Na mayar da murfin. A gindin bangon kawai aka sa maganin, aka toshe tsagar da siminti.

Wanda ke son yin irin wannan a gidansa, ya yi, ban ce kada ya yi ba. Amma ya bar mita biyu tsakanin ciyawa da kowane bango, fili fetal, a share shi kamar yadda Inna ke yi. Kada kara, ko itacen girki, ko kututture ya taɓa gini. Ruwan alwala a karkata shi ya nufi shuka. Ni yanzu duk ranar Juma'a da safe sai na zagaye bango ciki da waje, na leƙa bayan akwati da gado, in na ga hanyar laka in kankare in bi ta har tushe. Aikin minti goma ne, da na yi shi tun farko da gafakar na nan.

Sauran abubuwan masu sauƙi ne. Kaskon ruwan tsuntsaye a zubar a sake duk kwana biyu, tun da ƙwan sauro cikin mako guda ko ɗan fiye yake zama sauro mai cizo. Ciyawar da ke gefen hanyar banɗaki a riƙa yanke ta gajere, a kuma riƙe fitila da dare, saboda kububuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan.

Gawon guda ya mutu, ɗayan ya kai ni ƙirji. Daga gafakar ganye 11 na tsira da su, gefensu duk a gatse, amma ana karanta rubutun Baba. Suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakina, na ɗora shi kan bulo huɗu a tsakiyar fili, inda nake ganin ƙarƙashinsa daga kan gado.