Murya kaɗai ba ta fitar da mawaƙi: darasin Aretha Franklin da na gane a makare

Ƙannena masu sha'awar waƙa, musamman ku da kuka fara sintiri a situdiyo, ku ba ni aron kunnuwanku in ba ku labarin Aretha Franklin, shahararriyar mawaƙiyar Amurka. Akwai wasu shekaru shida a rayuwarta da nake ganin kaina a cikinsu, kuma da yawanku hanyar kuka ɗauko.

An haife ta a Memphis ta ƙasar Amurka a 1942, ta tashi a Detroit. Mahaifinta, C. L. Franklin, fasto ne da ya yi suna har ana naɗar wa'azinsa a faifai ana sayarwa, gidansu kuma ya zama masaukin manyan mawaƙan coci irin su Mahalia Jackson da Clara Ward. Mahaifiyarta ta rasu tana dab da cika shekara 10. Da kunne ta koyi fiyano, ba da takarda ba. A 1956, tana 'yar shekara 14, aka fara naɗar muryarta a cocin mahaifinta.

A 1960 ta tafi Niyok ta sa hannu da kamfanin Columbia. John Hammond ne ya ɗauke ta, mutumin da ya taimaka wajen fito da shahararriyar mawaƙiyar jaz Billie Holiday. Kowa ya ji sai ya ce kakarta ta yanke saƙa. To amma kamfanin bai san inda zai ajiye ta ba. Yau a ba ta waƙar jaz, gobe a ɗauko tsofaffin waƙoƙin dandamali a jera mata masu goge a baya, ana so ta yi laushi yadda za ta shiga kunnen kowa. Muryar tana nan, babu mai musu, faifan kuwa ba su yi wani tashen a zo a gani ba.

Ni da gurmi na tashi, wurin kawuna na koya. Da na shigo birni, mai situdiyon da na fara zuwa ya dubi gurmin ya ce kayan ƙauye ne, in jingine shi. Ya ɗora mini kiɗan kwamfuta irin wanda yake ɗora wa duk wanda ya shigo, ya matse muryata da na'ura har mahaifiyata ta ji waƙar ta tambayi ko wane yaro ne. Ban ce uffan ba, ina tsoron ya ce na cika surutu ya ba wani lokacina. Kada ku zarge shi, shi abin da ke tafiya a kasuwa ya sani. Ni ne na san abin da hannuna ya iya, na kuma yi shiru. Na yi shekaru ina fitar da waƙoƙin da ko ni ban cika son sake jin su ba.

A ƙarshen 1966 wa'adin Aretha da Columbia ya cika, ta koma kamfanin Atlantic wurin furodusa Jerry Wexler. A Janairun 1967 ya kai ta situdiyon FAME da ke Muscle Shoals a jihar Alabama. Abin da ya yi ba siddabaru ba ne: ya zaunar da ita gaban fiyano, makaɗa suka bi hannunta, ta rera yadda ta saba a coci. Rigima ta tashi ranar, har aikin ya watse waƙa ɗaya kawai aka kammala. Amma wannan ɗayar, "I Never Loved a Man (The Way I Love You)", ita ta hau saman jadawalin waƙoƙin R&B, wani salon waƙa na baƙaƙen fatar Amurka. Sai "Respect" ta biyo baya. Otis Redding ne ya rubuta ta ya fitar a 1965, namiji yana neman matarsa ta girmama shi in ya dawo gida. Aretha ta juya ta zuwa bakin mace, 'yan uwanta Erma da Carolyn suna mata amshi. Waƙar ta zo ta ɗaya a Amurka, ta ciyo mata kambun Grammy biyu a 1968.

Ku lura, ba sabuwar murya ta samu a Alabama ba. Wadda ta je Niyok da ita ce. Kuma ban ce shekarun Columbia asara ba ne, ta koyi sarrafa murya a salo iri-iri. Ku ma ku koyi na kowa. Sai dai ranar da aka ce ku ajiye abin da kuka taso da shi, ko kalangu ne, ko salon jan murya na masu bege, ko karin harshen garinku, ku tambayi dalili. In amsar ita ce wai ba a yayinsa, ku nemi a gwada waƙa ɗaya da shi tukuna.

Saura maganar kuɗi, inda na fi cin wuya. Duk tashen da "Respect" ta yi, kason marubuci sunan Redding yake bi, kuma gidajen rediyon Amurka marubucin waƙa suke biya, ba mai rerawa ba. Aretha ta yi suna wajen cewa a ba ta kuɗinta a hannu kafin ta hau dandamali. Ni kuwa an miƙo mini takarda da Turanci, na sa hannu a tsaye, don kada a ce ban yarda da mutane ba. Baitocin da na kwana ina tsarawa suka tashi daga nawa, har yau ba ni da ikon sake rera su a faifai.

In an ba ka takarda, ƙanena, ninke ta ka tafi da ita gida. Nemi lauya, ko aƙalla wanda ya iya karatu kuma ba ya cin abinci a situdiyon nan. A nuna maka shekara nawa aka ɗaure ka, nawa ne kasonka, kuma sunan wa aka rubuta a matsayin mai baitocin, tun kafin a kunna makirfo.