Tarihi da asuba, labari da dare

Ni dai littafin tarihi da dare barci yake sa ni. Sai bayan sallar asuba, ga shayi ga biro. Kwanan nan na koma kan yaƙin Burmi na 1903, inda sojojin Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Abin da ke ba ni haushi, yawancin abin da na karanta daga rahoton Turawa aka tsamo shi. Matan da suka bi shi hijira da goyo a baya, shiru kake ji. Shi ya sa ban raina littattafan soyayyar Kano da ake yi wa dariya ba. Ko ba komai suna kutsawa har uwar ɗaki, ka ji abin da kishiya ta faɗa. Su nake karantawa a waya in an ɗauke wuta.