Ƙafa ta 7 ta ƙone

Laraba. Zafi tun da sassafe, wuta kuma ba ta dawo ba sai wajen azahar.

Bayan la'asar Auta ya shigo da Arduino Uno ɗinsa, ɗan allon lantarkin da ake ba umarni ya kunna ko ya kashe abubuwa, ransa a jagule. Ƙafa ta 7, ɗaya daga cikin wuraren jona waya a allon, ta daina aiki. So yake ƙwan tsakar gida ya riƙa kamawa da kansa da magariba, sai ya samo rile (makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa) mai bolt 5 ya jona koyil ɗinsa (naɗaɗɗiyar wayar da ke jan makunnin) kai tsaye, waya ɗaya a ƙafar, ɗaya a GND, wato ɓangaren negetif.

"Yaya, wallahi jiya yana ta ƙas-ƙas, ya yi aiki fa."

Na ce masa aikin da ya yi jiya shi ya ruɗe shi. Ƙafar ATmega328P, ƙwaƙwalwar allon, mA 20 (mA ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne) ake so ta ɗauka, 40 kuwa iyaka ce da ba a kusanta. Muka ɗora mita a koyil ɗin, ya nuna om 70 da ɗoriya (om ma'aunin turjiya ga wuta ne). Raba bolt 5 da 70, kusan mA 70 ke nan rilen yake nema daga ƙafar da aikinta ba da umarni ne kawai. Ga kuma tartsatsin da koyil ke mayarwa duk lokacin da aka yanke masa wuta, ba diyod (mai barin wuta ta bi ta gefe ɗaya kawai) da zai tare shi.

Muka koma ƙafa ta 8. Resisto (mai rage wuta) mai om 1000 daga ƙafar zuwa bes na transisto 2N2222 (ɗan makunni mai ƙafa uku, bes, emita da kolekta, da zai ɗauke wa ƙafar nauyin rilen), abin da ƙafar za ta bayar bai wuce mA 4 da 'yan kai ba. Emita zuwa GND, kolekta zuwa gefe ɗaya na koyil, ɗayan gefen zuwa bolt 5. Sai diyod 1N4007 a gicciye kan koyil ɗin, zoben farin yana kallon bolt 5. In aka juya shi, transisto ne zai tafi nan take, shi ya sa na sa Auta ya duba sau biyu da idonsa. Kafin mu ɗora rilen mun gwada ƙafar da jar LED da resisto mai om 220. Ta kama, ta mutu, ta sake kamawa. Yaron har da tsalle.

Ya ce to doguwar fitilar nan mai bolt 12 fa? Wannan MOSFET take so, wani nau'in transisto, kuma IRLZ44N, wanda bolt 5 ke buɗewa sosai. IRF540N sai ya samu wajen bolt 10, in ba haka ba zafi zai yi ta ɗauka. Resisto mai om 10,000 daga get (ƙafar da ke buɗe MOSFET ɗin) zuwa GND, a kuma haɗa GND ɗin batir da na allon.

Tuwon masara miyar kuɓewa. Umma ta tambayi ko mun gama ɓata mata tabarma da dalma.

Abin da ya hana ni sukuni bayan isha'i ne na gani. A jakarsa akwai wayar da ya shirya wa ɓangaren bolt 230, bakinta a fere tsirara, ko salatif babu, kuma nutiral, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, ya yi niyyar yankewa da rilen. Da ya jona haka, ƙwan zai mutu amma wuta tana nan zaune a mazauninsa, tana jiran duk wanda ya zo canza shi. Wayar mai wuta ce ya kamata ta bi ta bakin rilen mai alamar COM ta fita ta mai alamar NO, rilen kuma a cikin akwatin roba mai murfi. Na karɓe wayar da rilen na sa a aljihun teburina, sai Asabar in muna tare, bayan mun kashe babban makunnin gida.