Fitowar rana a bakin ruwan Legas

Ko gajiyar hanya ban warware ba, amma gara in rubuta tun abin na da zafi. Hoton fitowar rana a kan ruwa ne ya kai ni Legas daga Kano, da filtocin ND a jaka, baƙin gilashin nan da ake sa wa kyamara a gaba don ya rage haske ba tare da ya taɓa launi ba.

A Agege na sauka, gidan wani dattijo abokin mahaifina mai harkar shanu. Da ya ji bakin teku na nufa, sai ya ce, "Ɗana, gaɓar tekun nan kudu take kallo. In kana son rana ta ɓullo maka daga cikin ruwa, Oworonshoki za ka." Ya haɗa ni da ɗansa da mota, ko kuɗin mai ya hana ni biya. Allah Ya saka wa Baba da alheri.

A hanya muka yi asuba. Muka isa Oworonshoki, unguwar da ke bakin tafkin Legas da ruwan ke gabas da ita, gari bai waye ba, ga gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 ta ratsa ruwa, masunta na tura kwalekwale. A Kano lokacin hunturu hazo ne ke dusashe maka rana, har ka dube ta da ido. Nan kuwa sama na yin ja ta haske fau, ruwa da gaɓa suna cikin duhu, kyamara ba ta iya ɗaukar duka biyun. Sai na sa filta mai rabi baƙi rabi fari, ta mataki 3 (kowane mataki rabin haske yake ragewa), na daidaita layinta da inda ruwa ya haɗu da sama. Nan take gajimare ya fito da launinsa, kwalekwalen ma suka fito.

Da rana ta ɗan ɗaga na ƙara ND1000, mai rage haske mataki 10. Hoton da zai ɗauki 1/30 na sakan ya koma wajen sakan 30, ruwan ya kwanta sumul kamar an shafe daɓe. Dole kyamara ta zauna kan mariƙi mai ƙafa uku, kuma ka saita ganinta kafin ka ɗaura gilashin, don bayan nan duhu kawai take gani. Ga laima, kana goge gilashi yana sake yin gumi, rana kuma ba ta jiran kowa.

Ana cikin haka wasu samari suka tsaya mana a ka, wai sai mun biya kuɗin ƙasa. Ba gaisuwa, ba sallama. Ɗan Baba ya yi musu Yarabanci, muka ba da na shayi. Abin ya ci min rai. A gida baƙo mai kyamara tambaya yake sha, ba haraji ba.

A Computer Village ta Ikeja, kasuwar wayoyi da kwamfutoci, an yi min tayin filta mai juyawa, wadda ake murɗawa a ƙara ko a rage duhunta, da araha. Na gwada ta a lensina mai faɗi, sai ga baƙin gicciye a tsakiyar hoto, launi ya koma ruwan ƙasa. Na ajiye wa mai sayarwar abarsa. Komai a kasuwar sai an faɗa maka ninki, har ruwan sha ya fi na Kano tsada.

Bakin tekun Tarkwa Bay a jirgin ruwa muka je, feshin gishiri ya dame ni. Gadar Lekki zuwa Ikoyi kuwa hadari ya rufe ta, ko kyamara ban fitar ba.