Wasiƙa Daga Kanada: Kafin A Kwance Notin Juye

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina fata kuna lafiya, ya iyali, ya ɗawainiya? Mu ma nan alhamdulillahi, sai dai sanyi da ya sa mu a gaba. Maganar da na zo da ita yau ta baƙin mai ce, wato man juye. Na san wani zai ce, duk labaran da ke ƙasar waje sai wannan? A yi mini haƙuri a saurara.

Kwanakin baya na kai motata wani ƙaramin gareji domin a yi mata juye. Mai wurin dattijo ne, ba shi da yawan magana. Ya ɗaga bonet, ya kwance murfin da ake zuba mai, ya juya cikinsa ya miƙo mini. Sai ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne a ciki, kamar madarar da ta tsinke. Gabana ya faɗi, don na sha jin cewa idan mai ya yi haka, gaskit ne ya ƙone, ruwan lagireto ya shiga inji. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya zaro ƙarfen awon mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba a haske. Man baƙi ne wuluk, amma babu farin a jikinsa. Sai ya tambaye ni minti nawa nake yi daga gida zuwa wurin aiki. Na ce ba ya kai goma. Ya gyaɗa kai ya ce, "To ai shi ne. Injinka ba ya yin zafin da zai kori ruwan."

Ashe duk lokacin da fetur ya ƙone yana fitar da tururi, wani ɓangarensa kuma yana sulalewa ta gefen ringi ya sauka cikin mai, tare da ɗan fetur ɗin da bai ƙone ba. Idan inji ya yi tafiya mai nisa, zafin man ya kai wajen digiri 100, ruwan zai ƙafe ya fita. Idan kuwa kullum gajeriyar tafiya ce, a nan zai zauna yana dama man. Ni kuma da wayona, kilomita kawai nake ƙirgawa, ina jin daɗin cewa da saura. Na manta littafin motar cewa ya yi kilomita kaza ko wata kaza, duk wanda ya riga cika.

Littafin nan, wanda yawancinmu ba mu taɓa buɗe shi ba, jadawali biyu yakan kawo. Na farko na tuƙin da babu wahala ne, inda motocin zamani masu shan man sintetik, wato wanda ake haɗawa ta hanyar kimiyya, kan kai kilomita 10,000 zuwa 15,000, ko shekara guda. Na biyu na tuƙi mai tsanani ne, kuma a nan sau da yawa ana rage tazarar zuwa kusan rabi. Mene ne tuƙi mai tsanani a wurinsu? Ƙura, zafin rana mai yawa, sanyi mai yawa, tsayuwa a cunkoso inji na aiki mota ba ta motsi, gajerun tafiye-tafiye, da lodi. Kowa ya auna kansa. Ni dai da na auna, ban ga ranar da na taɓa shiga jadawalin farko ba.

Batun kuɗi kuwa, takardar da ake ba mutum a nan ta koya mini abu. Komai a rarrabe ake rubutawa: kuɗin mai daban, na filta daban, ladan aiki daban. Ladan aiki a nan yana da nauyi, har yakan yi kafaɗa da kafaɗa da kuɗin man kansa, shi ya sa wasu ke shiga ƙarƙashin motarsu da kansu. Amma ko ina mutum yake, lissafin ɗaya ne. Ƙaramar mota lita huɗu zuwa biyar take sha, sai filta ɗaya, sai aikin da bai kai awa guda ba. Ajiye wannan a gefe, ka tambayi kowane makanike abin da sauke inji yake ci idan ya buga: ringi, fiston, gaskit, ladan aiki, da kwanakin da motar za ta yi a kwance. Za a yi juye sau da yawa kafin a kamo wannan kuɗin.

Inda aka fi yin tsumulmular da ba ta da riba shi ne filta. A zuba sabon mai a bar tsohuwar, wai ai ba ta daɗe ba. Abin da mutane ba su sani ba, a tsarin akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa idan filta ta toshe, domin kada inji ya rasa mai gaba ɗaya. Daga nan man yana zagayawa ne ba tare da tacewa ba, da dattinsa da komai, kuma babu fitilar da za ta gaya maka.

Sai maganar kauri, wadda na daɗe ina kuskure a kanta. A da ina ganin man da ya fi kauri shi ne mai kyau. Lambobin da ke jikin galan, irin su 5W-30 ko 20W-50, ma'aunin ƙungiyar injiniyoyi ta SAE ne. Lambar da ke tare da W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi: 5W ana gwada shi a digiri 30 ƙasa da sifiri, 20W kuma a digiri 15 ƙasa da sifiri. Lamba ta biyu kaurinsa ce idan ya yi zafi, a digiri 100. Injinan zamani hanyoyin mansu matsattsu ne, mai kauri kan yi jinkirin isa inda ake buƙatarsa, musamman da safe lokacin tayar da mota, wanda a lokacin ne ƙarafa suka fi cin juna. Tsohon inji da ya saki jiki yana iya son mai kauri, wannan gaskiya ne. Amma mai yanke hukunci shi ne abin da kamfanin ya rubuta a littafi, wani lokaci ma a kan murfin man.

Akwai kuma haruffan API, wato cibiyar man fetur ta Amurka, da ke nuna ajin man. Waɗanda suka fara da S na fetur ne, masu C na dizal. SL ya fito a 2001, SN a 2010, SP a 2020. Idan ka ga SA a jikin galan, ajiye shi, domin cibiyar da kanta ta ce bai dace da yawancin injinan da aka ƙera bayan 1930 ba.

Murza mai tsakanin yatsu biyu ba ya nuna ingancinsa, haka ma baƙin da ya yi. Mai kyau yakan yi baƙi ne saboda yana wanke datti yana riƙe shi, na dizal ma cikin 'yan kwanaki yake rinewa.

Abin da zan roƙe ku shi ne ku riƙa tsayawa a wurin har a gama. Ba don zargin makanike ba, yawancinsu masu amana ne, kuma na unguwa da ya san motarka ya fi baƙo. Amma ka ga an ɓalle hatimin galan a gabanka, don jabun mai ba ya rubuta sunansa a goshi. Ka ga an bar tsohon ya tsiyaye sosai, an sa sabuwar washa a notin ƙasa, ba a kuma ɗaure shi da ƙarfin tsiya har zaren ya lalace ba. Bayan an tayar da mota an kashe, a jira 'yan mintuna a auna. Man ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Idan ya wuce ta sama ba gwaninta ba ce, kumfa zai yi, kumfa kuma ba ta shafa ƙarfe. Tsohon man ma kada a tuttular da shi a ƙasa ko a kwata, yana gurɓata ruwan sha ƙwarai.

Dattijon nan kafin in tafi ya manna 'yar takarda a gilashin gaba, ya rubuta kilomita da kwanan wata, ya ja layi biyu a ƙarƙashin kwanan watan. Ya kuma ce sau ɗaya a mako in hau babbar hanya in yi tafiyar rabin awa. Jiya na buɗe murfin na duba, tas yake.

A gaida kowa da kowa.

Ɗan'uwanku a Kanada